Kilishin da Bai Ga Wuta Ba

Idan ka shiga Kurawa ka tambayi gidan Lauwali maharbi, za a ce maka, "Wane? Mai harbi da baki?" To shi ɗin nake nufi. Mutum ne dogo, siriri kamar karan dawa, yana da bindiga harba-ruga da ya gada wurin kakansa, da warki, da layun da suka kusa fin sa nauyi. Shekara ashirin yana shiga daji, kuma a duk shekarun nan babban abin da aka tabbatar ya kashe shi ne zabuwar maƙwabcinsa Wada wanzami, wadda ya rantse ta daji ce har sai da aka nuna masa jan zaren da ke ƙafarta. Amma a bakinsa, daga Isa har bakin iyaka babu kurar da ba ta canza hanya idan ta ji tarinsa.

Ana nan sai Sarkin Bakan garin ya rasu, sarauta ta zama babu kowa. Al'adar wurin kuwa ba a naɗa Sarkin Baka da surutu. Akwai wani tsohon baka na gado da ke rataye a zauren maigari, baƙi ƙirin, mai tauri kamar ƙotar gatari. Duk mai son sarautar sai ya tsaya gaban jama'a, ya ja tsirkiyar har kunnensa, ya fasa ƙwaryar da aka rataya a tsamiya. Maigari ya sa rana, Alhamis mako uku masu zuwa. Mutum biyu suka fito nema: Yero, wani maharbi da ba ya magana sai an tambaye shi sau biyu, da Lauwali, wanda ba ya jira a tambaye shi.

Abin da babu wanda ya sani shi ne Lauwali ya taɓa gwada bakan nan. Wata rana ya je gaisuwa ya tarar da zaure babu kowa, ya sauko da shi, ya ja iya ƙarfinsa. Tsirkiyar ta motsa kamar faɗin farce. Kwana uku yana kwance da ciwon baya, yana gaya wa matarsa Kubura sanyin fadama ne.

To a daidai lokacin nan wani gursunu, wato aladen daji, ya addabi fadama. Tun da mutane suka rage zuwa gonakin nesa saboda halin da ake ciki, daji ya yi kauri, namun da aka manta da su suka dawo. Wannan kuwa ba ya barin dankali, ba ya barin rogo, sai ya tone kunya goma kafin gari ya waye. Lauwali ya ga dama ta samu. Ya tsaya a majalisar bakin kasuwa ya buga ƙirji.

"Gobe da hantsi za ni kai mishi gaisuwa. Wanda ke son ganin gawa shi zo da igiya."

Wada wanzami yana wasa askarsa, bai ko ɗago ba. "To sai mu kulle zabinmu."

Washegari Lauwali ya ɗura wa bindiga albarushi ninki uku, domin a cewarsa gursunu ba zabuwa ba ne. Ya tarar da dabbar tsakiyar lambun dankali, ta kafa kai a ƙasa tana aikinta, ga haure biyu kamar lauje. Maharbin kirki da sai ya lallaɓa. Lauwali kuwa ya ga bai dace babban mutum ya yi kisa babu kirari ba. Ya gyara murya, ya fara, "Ni na Lauwali na Kubura..." Gursunu ya ɗago kai ya dube shi. Sauran kirarin ya maƙale. Ya runtse ido ya danna kunama.

Ƙarar sai da ta tashi tsuntsaye har Tsamaye. Harsashi ya tafi sama ya kakkaɓo ɗanyun mangwaro, bindiga ta yi gabas, Lauwali ya yi yamma ya zauna cikin laka. Gursunu ya firgita, kuma tsautsayi ya sa hanyar da ya zaɓa ta gudu ita ce wadda Lauwali ke zaune a kai. Ba a san siririn mutum na da gudu haka ba. Ya tsallake kunya, ya tsallake shinge, ya tsallake wata tsohuwar rijiyar lambu da aka rufe da kara. Gursunu bai iya tsalle ba. Aka ji rugum, sai shiru.

Lauwali bai san an yi ba. Sai da ya kai bakin gari ya lura babu mai bin sa sai takalminsa guda da ya maƙale a igiyar laya. Ya koma a hankali, ya leƙa rijiyar, ya yi ta jifa da hoge har rana ta yi tsaka. Da ya tabbata wuyan ya karye, sai ya wanke fuska, ya gyara layu, ya aika a zo da igiya.

Mutum takwas suka jawo gawar. Yero ya zagaya ta sau biyu, ya tsuguna, ya duba ciki da baya.

"Ban ga inda harsashi ya shiga ba."

"Wa ya ce maka da bindiga anka yi? Bindiga sallama ta na yi mishi. Wuya na murɗe."

"Cikin rijiya?"

"Nan ya zaɓa mu ƙarasa. Shi ma yana da kunya."

Liman, Malam Muzammilu, ya ce a gode wa Allah da ya raba su da ɓarna, a kuma haƙa rami mai zurfi a rufe mushen don kada karnuka su tone. Lauwali ya ce shi ya kashe, shi zai rufe, kowa ya tafi. Jama'a suka yi mamaki, don tun da ake ba a taɓa ganin ya nemi fartanya da kansa ba.

Dalili kuwa, tun yana leƙen rijiya wata magana ta kakansa ta faɗo masa. Tsohon yakan ce maharban dauri in sun kashe dabba mai ƙarfi sukan ci naman wuyanta, ƙarfin ya koma jikinsu, amma da sharaɗi guda: kada naman ya ga wuta, don wuta ita ke fara cinye ƙarfin ta bar maka ɓawo. Kakan bai ambaci gursunu ba. Lauwali ya ga wannan mantuwa ce ta tsufa. Wace dabba ta kai wannan ƙarfin wuya, mai noma fadama da hanci?

Saura batun haramci, shi ma bai ɗauke shi lokaci ba. Ya zauna bakin ramin ya yi wa kansa fatawa. Abinci daban, magani daban. Shi ba don daɗi zai ci ba. Kuma in ya hau sarauta sai ya yi istigfari gaba ɗaya, a wuce wurin. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya yanke wuyan da kafaɗa guda ya cusa a burgami, ya rufe sauran.

A gida ya zauna bayan rumbu ya fere naman fale-fale, ya dama tunkuza da yaji da kanumfari ya shafe shi, ya shimfiɗa a asabari bisa rufin rumfa, daidai katangar da ta raba shi da Wada. Kubura ta fito daga madafa ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Malam, mi na na wanga?"

"Kilishin barewa. Na magani na, ba na ci ba."

"Wace irin barewa ta mai kitse kaurin yatsa biyu?"

"Barewar fadama. Dankali take ci."

"Ni dai wanda na ji shina cin dankali a fadama, ɗazu anka ce ka rufe shi."

"Kubura, ba a yi wa magani tambaya. Kuma in gaya miki, duk macen da ta taɓa shi gemu za ta yi."

"Ko kujerar Makka anka haɗa min da shi ba ni taɓawa. Ba za ka gasa shi ba?"

"Wuta? Ki ce in zubar da shi mana."

Kubura ta juya ta koma madafa. Amma daga ranar ta ware masa kwanonsa da moɗarsa, ta ajiye su can kusa da turken akuya.

Kullum da safe Lauwali zai hau turmi, ya ɗauko yanka biyu, ya yi bisimilla, sai ya tuna, ya janye bisimillar, ya tauna. Abin haushi, magani ya yi daɗi. Abin da ya fi haushi, asabarin na raguwa fiye da yadda yake ci. Ya ɗaura tsumma a sanda don korar tsuntsaye. Ya kafa tarko ya kama kazar Kubura. Ya zauna gadi ranar Talata tun safe har azahar, ya tafi masallaci ya dawo, ya tarar yanka biyar sun yi fiffike.

Ya leƙa ta katanga. Wada na zaune a tabarma yana sakace da tsinke, leɓɓansa na ƙyalli, ga doguwar ƙugiyar tsinkar mangwaro jingine kusa da shi.

"Wada, ba ka ga abin da ke ɗauke min kilishin barewa ba?"

"Shaho na. Na gan shi da idona, ƙato, baƙi. Bana shahuna sun lalace, ba su jin tsoron Allah."

"Wallahi in na kama shi sai na murɗe mishi wuya."

"Kai kam ka saba."

Ranar Juma'a, ranar da Wada ke zuwa yi wa maigari aski, suka haɗu a ƙofar gida. Wada na riƙe da zabira a hannu guda, ɗayan kuma da wani ƙunshi a takardar siminti wadda mai ya ɓata.

"Tsaraba za ni kai ma maigari. Kilishin Isa na, na sa anka sawo."

Lauwali ya sunkuya ya shinshina, ya taɓe baki. "Ba laifi. Amma bai kama ƙafar nawa ba."

Kwana uku da fara magani ciki ya ɓaci. Lauwali ya yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida har buta ta gaji da shi. Kubura ta tambaya ko a jiƙo masa sabara.

"Bar shi. Ragwancin shekara arba'in na ke fita. Ai sai an share ɗaki kafin baƙo shi shigo."

Baƙo kuwa ya shigo a mako na biyu. Lauwali ya tashi da safe ya ji fuskarsa ta yi nauyi. Ya duba madubin Kubura ya ga wani mutum mai kumatu kamar alkaki, fatar ido ta kumbura ta rufe rabin duniya. Damatsa na zogi, cinyoyi na zogi, zazzaɓi na kaɗa shi kamar ganye. Ya yi murmushi iya yadda fuskar ta yarda.

"Kin gani? Ƙarfi na neman wurin zama. Ya tarar da gidan ƙarami, shi ya sa yake faɗaɗa shi."

"Ƙarfin ne ya hana ka tauna tuwo?"

"Zaki ma ba kullum yake tauna ba. Dama min kunu."

Ya riƙa auna damtsensa da zare yana ƙulla alama. Ya fita majalisa yana tafiya ƙafa a ware kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Mai shayi ya tambaye shi ko zuma ce ta harbe shi, ya ce a'a, cika ce ta maza. Wani ya ce ai Wada ma kwana huɗu bai buɗe rumfar aski ba, wai ciwon ido. Lauwali ya ce wannan hassada ce, ita ke fara kama ido.

Kubura ba ta jira izini ba ta aika wa Sadiƙa, ɗiyar wanta, wadda ke aikin jinya a Sabon Birni. Sadiƙa ta zo, ta ɗaga masa fatar ido, ta danna damtse, ya yi ƙara ya ce dariya ce.

"Baba Lauwali, mi ka ci cikin makon nan biyu?"

"Tuwo."

"Nama fa?"

"Rabona da nama tun Layya."

Kubura ta yi tari mai tsawo daga madafa.

"Baba, kumburin ido da ciwon tsoka haka tare, ba zazzaɓin sauro ba na. In ba ka faɗi gaskiya ba, sai a yi ta ba ka maganin da ba naka ba. Ka biyo ni asibiti a ɗebi jini."

"Jinin nan? Yanzu da ya nuna? Ɗiyata, ki dawo ran Alhamis ki ga abin da za ki ba jikokinki labari."

"Za ni dawo," in ji Sadiƙa, "da motar ɗaukar buhu."

Ranar Alhamis bayan la'asar fili ya cika. An zo daga Gatawa, an zo daga Tsamaye, har 'yan Isa masu sayar da rake sun biyo taron. An rataya ƙwarya a tsamiya. Maigari ya fito a makare, mutum biyu na tallafe da shi, ya ja amawali har hanci, ya kuma sa baƙin tabarau. Mutane suka ce wata sabuwar shiga ce ta manyan Sakkwato. Gefensa Faruk sanƙira, wanda aikinsa tun yana saurayi shi ne duk abin da aka faɗa a hankali a gaban maigari, ya ɗaga murya ya maimaita wa jama'a. Aikin ya bi jikinsa har ko a gida in matarsa ta yi raɗa sai maƙwabta sun ji.

Maigari ya motsa baki kaɗan.

"Maigari ya ce a fara," in ji Faruk, muryarsa har bakin kasuwa.

Lauwali ya ce shi ne farko, don kada Yero ya wahala a banza. Aka jawo shi da hannu, saboda idanun sun koma kamar tsagar asusu. Ya tsaya zai yi kirari, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, abin ya fito siriri ta hanci.

"Ya ce shi na Lauwali na Kubura, mai murɗe wuyan mugun dawa," in ji Faruk.

Daga cikin mata aka ji Kubura ta ce, "A cire sunana."

"Ta ce a cire sunanta."

Aka miƙa masa baka da kibiya. Nan matsala ta farko ta bayyana. Baka na son hannu biyu. Ido kuma ba ya buɗuwa sai an ɗaga fatar da yatsa. Lauwali ya lissafa ya ga hannu uku ake bukata, shi kuwa biyu Allah ya ba shi. Ya ɗaga ido ya ga tsamiya, ya saki ido ya kama baka, tsamiya ta ɓace. Ya yi haka sau uku.

"Yero," ya ce ƙasa-ƙasa, "riƙe min ido."

"Ya ce Yero shi riƙe mishi ido."

Yero mutum ne mai ladabi. Ya zo ya tsaya bayansa, ya sa yatsa biyu ya ɗage fatar kamar mai buɗe bakin jaka. Lauwali ya ɗora kibiya. Ya ja. Damtsen da ya yi kwana goma yana aunawa ya amsa da wani zogi da ya ratsa har tafin ƙafa. Tsirkiya ba ta motsa ba, amma shi ya motsa. Zafi ya riƙa juya shi a hankali kamar dutsen niƙa, Yero na bin sa da ido a hannu, kibiya na zagaya jama'a. Duk inda ta nuna sai mutane su kwanta kamar gero a iska. Masu rake suka bar rake. Mai ganga ya shige bayan gangarsa. Da ta iso kan maigari, fadawa suka watse, shi kaɗai ya rage a kujera, ya yunƙura sau biyu ƙafafu suka ƙi.

"Maigari ya ce a kama shi," in ji Faruk daga bayan tsamiya.

Ba a kai ga kamawa ba. Yatsun Lauwali suka saki, kibiya ta faɗi ta soki takalminsa tsakanin yatsu biyu, baka ya zame ya dawo ya buge shi a goshi. Ya tafi da baya, ya kwanta a ƙasa, layu a warwatse.

Sadiƙa ta ratsa taro ta durƙusa kansa, Kubura na biye da ita riƙe da asabari, da yanka ɗaya da ya rage a kai.

"Baba, zafin jikinka ya fi na rannan. Za ka faɗi, ko Gwaggo ta faɗi?"

Lauwali ya ga ƙarfi bai zo ba, numfashi kuma na neman tafiya. Ya yafito ta da hannu, ya kai baki kusa da kunnenta ya yi raɗa. Bai san Faruk ya dawo ya sunkuya a kansu ba.

"Ya ce wuyan gursunu ya ci. Ya ce ɗanye, shanya shi kawai ya yi."

Salati ya tashi ko'ina. Malam Muzammilu ya dafe rawani da hannu biyu.

Sadiƙa ta miƙe ta karɓi yankan ta ɗaga. "Jama'a, ku ji. Naman irin wannan dabba yakan zo da wata tsutsa ƙarama, ido ba ya ganinta, tana naɗe cikin tsoka. Rana ba ta kashe ta, yaji ba ya kashe ta, gishiri da hayaƙi ba su kashe ta. In mutum ya ci, sai ta haihu a hanjinai, 'ya'yan su bi jini su shige tsokarshi su zauna. Wanga kumburi da Baba ke aunawa da zare, su na."

"To ashe ba ƙarya na yi ba," in ji Lauwali daga ƙasa. "Wani abu ya shiga."

"Ya shiga, kuma in ya kai zuciya ba ni da abin yi. Wa ya ci tare da kai?"

"Ni kaɗai. Sai shaho."

Sadiƙa ta dubi taron. "To in akwai shahon da ke jin ciwon tsoka, shi fito yanzu, mota na jira. Gobe ba lalle ta yi mishi amfani ba."

Can daga baya wani mutum lulluɓe da mayafi ya fara ratsowa, ƙafa a ware, tafiyar nan dai irin ta Lauwali. Ya yaye mayafin. Idanun Wada wanzami sun fi na Lauwali cika.

"Ni ramuwar zabuwata na yi," ya ce. "Barewa ya ce min. Wane irin mutum na zai yi ƙarya a kan abin da za a sata?"

Lauwali ya ɗaga fatar ido da yatsa ya dube shi. "Ƙato, baƙi, ba shi jin tsoron Allah. Wallahi ka faɗi gaskiya."

Ana cikin dariya sai aka ji wata murya daga kujera, a hankali, ta cikin amawali.

"Wada."

"Ranka shi daɗe."

"Kilishin Isa."

Wada ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dubi hanyar Gatawa kamar mai auna nisanta. "Ranka shi daɗe, takardar dai daga Isa take."

Maigari ya sa hannu ya zare tabarau. Ba sai na tsaya bayani ba. Mata suka rufe baki da gyale. Faruk ya ja numfashi ya buɗe baki.

"Faruk," in ji maigari, "in ka maimaita wanga, ka nemi wani gari."

Karo na farko cikin shekara talatin, Faruk ya haɗiye magana. An ce sai da ta yi masa kwana biyu a maƙogwaro.

Liman ya yanke hukunci a tsaye, don mota na jira. Maigari bai sani ba, babu komai a kansa. Wada bai san gursunu ba ne, amma ya san ba nasa ba ne. Lauwali kuwa ya san duka, sai ya tuba tun yanzu, kada ya jira sarauta.

"Allah shi gafarta Malam, dama na yi niyya."

"Na ji irin niyyar. Fara tun kan hanya."

Aka shimfiɗa tabarma a bayan a-kori-kura aka jera su uku kamar buhunan albasa, Sadiƙa da Kubura a gaba. Ana cikin ɗora su, Yero ya tsinci baka a ƙasa, ya kaɗe ƙurar, ya zare kibiyar daga takalmin Lauwali, ya ja har kunne. Ƙwarya ta tarwatse.

"Mi ya fashe?" in ji maigari, don ba ya gani.

"Yero ya fasa ƙwarya, ranka shi daɗe."

"To an ba shi. Direba, mu tafi."

Hanyar Sabon Birni ba ta da tausayi. Duk ramin da mota ta faɗa sai mutum uku su yi nishi tare. Da suka yi nisa, sai Lauwali ya gyara kwanciya.

"Amma fa in za a bi gaskiya, a duba. Yero ƙwarya ya fasa, busassa, a rataye. Ni kuwa da fita guda, ba harsashi, na kayar da gursunu, na kayar da wanzami, na kayar da maigari. A tarihin Gobir wane Sarkin Baka ya taɓa haka?"

Maigari ya lalubo tabarau ya mayar.

"Direba, tsaya a sauke shi."

"Ranka shi daɗe, sai an ɗebi jininai," in ji Sadiƙa ta taga.

"To a ɗiba da yawa."

Sun yi kwanaki a gado uku jere da juna suna haɗiyar maganin tsutsa, kuma duka sun tashi, sai dai Wada ya yi wata biyu hannunsa na rawa, babu wanda ya yarda ya miƙa masa kai. Lauwali ya tuba a gaban liman, Kubura ta dawo masa da kwanonsa cikin kwanuka bayan ta ƙona asabarin. Zaren nan mai ƙulli kuwa har yau yana cikin aljihunsa. In baƙo ya zauna a majalisa, sai ya zaro shi ya zagaya siririn damtsensa, ya nuna inda ƙullin ƙarshe ya tsaya.

"Ka ga nan? Nan na kai. Saura kwana uku ƙarfin shi cika anka kai ni asibiti."